Masu Tseren Moto: A Kai Su Gaban Alƙali, Kuma a Bar Su Su Kare Kansu

Duk wanda ya taɓa zama Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ba sai an ba shi labarin abin da ke faruwa ranar rakiyar amarya ba. Da la'asar ta yi sanyi sai ka ji ruri kamar na hadari. Samari goma ko ashirin ne bisa moto, wannan ya ɗaga ƙafar gaba, wancan ya miƙe tsaye, wani kuma ya goyo mutum biyu yana saƙa tsakanin mai amalanke da ƴar talla, kowa na neman a ce shi ne ya riga. Wata rana a watse lafiya. Wata rana kuwa gidan biki na guɗa, wani gidan na neman likkafani.

Babu mai hankalin da zai ce a ƙyale wannan ta'asa. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke biyo bayan kamun. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau da yawa hanya biyu ce. Idan yaron ɗan wane ne, kafin a kira sallar isha an buga waya, an aiko dattijo, an ce «a yi haƙuri, yaro ne», ya koma gida da motonsa. Idan kuwa ɗan talaka ne, sai ya kwana komisariya, ya sa hannu ga takardar da bai san abin da ke cikinta ba, uwarsa ta sayar da akuyarta, shi kuma bai taɓa jin cewa yana da bakin magana ba. Na farko bai ga alƙali ba, na biyu bai samu mai kare shi ba. A dukan hanyoyin biyu doka ce ta sha kashi.

Ra'ayina shi ne: duk wanda aka zarga da tsere a kan titi, a gurfanar da shi gaban kotu ba tare da alfarma ba, sa'annan a ba shi cikakkiyar damar kare kansa. Waɗannan biyun Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya.

Na san wasu za su ce: mene ne amfanin lauya ga wanda kowa ya gani da idonsa? Domin amsa wannan, bari mu leƙa wata ƙasa da ta yi fama da irin wannan shari'a shekara da shekaru, wato Jamus.

A farkon watan Fabrairu na 2016, da tsakar dare, samari biyu suka yi tseren mota a tsakiyar birnin Balin. Suka yi ta keta jar wuta, har gudun ɗayansu ya kai kilomita 160 zuwa 170 a awa. Ya banke motar wani dattijo mai shekara 69 wanda ke bisa gaskiyarsa, dattijon ya cika nan take. A 2017 kotun Balin ta same su duka biyu da laifin kisan kai, ta yanke masu ɗaurin rai-da-rai, abin da ba a taɓa yi wa masu tsere ba a ƙasar. Jama'a suka ce madalla. Lauyoyi suka ɗaukaka ƙara, kuma a watan Maris na 2018 babbar kotun tarayya ta rushe hukuncin. Ba wai ta ce samarin ba su da laifi ba. Cewa ta yi alƙalan farko ba su tabbatar da niyyar kisa yadda doka ta buƙata ba: a wane lokaci ne niyyar ta shiga zukatansu, kuma yaya mutumin da shi ma yake jefa ransa cikin haɗari zai yarda a yi karon? Aka sake zama. A 2019 aka sake yanke masu rai-da-rai. A 2020 babbar kotun ta tabbatar da hukuncin wanda motarsa ta yi karon, amma ta rushe na abokinsa, domin ba a nuna sun haɗa baki a kan kisa ba. A 2021 aka yanke wa na biyun shekara 13 bisa yunƙurin kisan kai.

To, mai karatu, me lauyoyi suka yi a nan? Sun kuɓutar da masu laifi? Ko kaɗan, duka biyun sun shiga gidan kaso. Abin da suka yi shi ne tilasta wa kotu ta auna wa kowa laifinsa da mudunsa, har hukuncin ya tsaya da ƙafarsa, babu mai iya cewa fushin jama'a ne ya rubuta shi. Bugu da ƙari, lamarin ya tona asirin raunin doka. Kafin nan, wanda aka kama yana tsere bai taɓa kowa ba, tarar Yuro 400 ce da hana shi tuƙi wata guda. A watan Oktoba na 2017 sabuwar doka ta mayar da tseren kansa laifi mai ɗaurin da ya kai shekara 2, ya kai shekara 10 idan an rasa rai. Amma ba a hukunta samarin nan biyu da ita ba, saboda dokar laifi ba ta komawa baya.

Faransa ma, wadda daga gare ta muka gaji tsarin kotunanmu, ta yi tata dokar ranar 3 ga Agusta 2018. Ta tanadi ɗaurin shekara guda da tarar Yuro 15.000, kusan miliyan goma ke nan na sefa, ga mai wasan ganganci da abin hawa. Hukuncin na ninkuwa idan a ƙungiya aka yi, kuma ana ƙwace abin hawan. Sai dai dokar ta fayyace abin da mai gabatar da ƙara zai tabbatar: an yi da gangan, an maimaita, kuma an jefa jama'a cikin haɗari ko an hana su sakat. Ta kuma kiyaye haƙƙin mai abin hawan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ban kawo waɗannan misalai don mu kwafe su ido rufe ba. Hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Abin ɗauka shi ne, inda aka tsananta hukunci, can ne aka fi tsananta neman hujja.

Yanzu mu dawo gida. Wace irin kariya ce ta halatta ga wanda aka kama?

Na farko, wa ke bisa moton? Cikin ƙura da hayaniya, idan aka yi kamun kan-mai-uwa-da-wabi, ba wuya a haɗa da ɗan kabu-kabun da ya ɗauko fasinja ya faɗa cikin ayari. Wajibin mai tuhuma ne ya nuna cewa wannan mutumin ne, ta bakin shaidu ko ta hoton bidiyon da ke cike da wayoyin ƴan biki.

Na biyu, me ya aikata? Gudun wuce ƙa'ida daban, tsere daban, raunata mutum daban, kisa daban. Ko malamanmu sun raba kisan ganganci da kisan kuskure, kuma sun ce na kuskuren ma yana da diyya. Ba adalci ba ne a zuba kowa cikin kwando ɗaya.

Na uku, an bi ƙa'ida wajen tsare shi? Doka ta ƙayyade lokacin da za a riƙe mutum kafin a kai shi gaban mai gabatar da ƙara. Kuma ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2014 a kan aikin lauyoyi ta ce lauya na iya tsaya wa mutum tun daga sa'ar da aka kama shi. Yarjejeniyar Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, ta 1981, a aya ta 7, ta tabbatar wa kowa ƴancin kare kansa da zaɓen mai kare shi. Kada kowa ya sa hannu ga takardar da ba a karanta masa ba cikin harshen da yake ji. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, a fara girmama ta daga takardar da za ta iya kai ɗan wani kaso.

Na huɗu, shekarunsa nawa, kuma moton na wane ne? Wanda bai kai shekara 18 ba, gaban alƙalin yara ya kamata a kai shi. Ɗan kasuwar da ya ba da moto a yi masa kabu-kabu kuwa, yana da damar nuna takardunsa da inshorarsa, ya bayyana cewa ba don tsere ya bayar ba. Amma wanda ya miƙa makulli ga yaron da ba shi da takardar izinin tuƙi, shi ma ya shirya amsa tambaya.

Akwai masu cewa duk wannan tatsuniya ce ga talaka, tunda lauya na da tsada kuma mafi yawansu a Yamai suke zaune. Wannan ƙorafi gaskiya ne. To amma maganinsa ba shi ne a haƙura da haƙƙin ba. Tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ domin taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a. A ba ta kuɗin aiki, a sanar da jama'a ƙofarta ta gidajen rediyo, a kuma ƙarfafa wa lauyoyi gwiwar buɗe ofis a jihohi. Haƙƙin da mutum bai san da shi ba, daidai yake da rijiyar da ba guga.

Wasu kuma za su ce na manta da wanda aka kaɗe. Ban manta ba, hasali ma shi ne ya fi kowa hasara a tsarin «a gyara a gida». Ana taron dangi a kansa, a ce ƙaddara ce, a ajiye masa ƴan jikkuna na magani, ya yafe don kunya, sa'annan ya ƙare rayuwarsa da sanda. A kotu kuwa yana da ikon shiga ƙara ya nemi diyya, kamfanin inshora ya biya abin da ya hau kansa. Yafewa alheri ce, amma mutum abin da ya mallaka yake yafewa. Titi na kowa ne, kuma yafewar iyali ba ta hana hukuma bin haƙƙin jama'a.

Daga ƙarshe, maganar tamu ce, mu ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Wa ke sayen motocin nan? Mu ne. Wa ke buga wayar nan da dare? Mu ne. Ma'aikacin da ya wuni yana wa'azin bin doka a ofis, da dare ya nemi a saki ɗansa ba tare da rubuta komai ba, shi ne mai dokar barcin da ya ɓuge da gyangyaɗi. Ɗan sandan da ya yi kamu bisa gaskiya, ya ga an ƙwace yaron daga hannunsa da waya guda, gobe da wane ƙarfin gwiwa zai tare wani? Shi kuma yaron, darasin da ya koya shi ne sunan ubansa ya fi birki aiki. Ranar da zai sake hawa, watakila ɗiyar wanda ya buga wayar ce ke tsallake titi.

Saboda haka, Alhaji, idan ɗanka ya faɗa hannu, kada ka nemi lambar babban mutum, nemi lauya. Ka tsaya masa a kotu, ka tabbata ba a zalunce shi ba, ka biya abin da ya ɓata, ka bar alƙali ya yi aikinsa. Idan ba shi da laifi, zai fito da mutuncinsa, ba da bashin alfarma a wuyanka ba. Idan yana da laifi, gara ya ji zafin hukunci yana da rai da a kawo maka shi cikin tabarma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya tsare mana ƴaƴanmu, ya kuma ba mu ikon son gaskiya ko da a kanmu ta faɗa.