Awo Ba Ya Cika Cikin Yaro

Ƙidayar jama'a da aka yi a ƙasar Indiya cikin 2011 ta nuna cewa ƙabilun asali, waɗanda ake kira Adibasi, sun kai mutum miliyan 104, watau kashi 8.6 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Mafi yawansu suna zaune ne a ƙauyukan daji da na kan duwatsu, nesa da asibiti da hanyar mota. Binciken lafiyar iyali da gwamnatin ƙasar ta gudanar daga 2019 zuwa 2021 ya gano cewa kimanin kashi 41 cikin ɗari na 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 23 kuma sun rame. A ƙasar baki ɗaya kuwa, adadin bai kai kashi 36 da kashi 20 ba.

Kowane awo da abin da yake tonawa. Yaron da tsawonsa bai kai na shekarunsa ba, yunwa ta daɗe tana cinsa, wataƙila tun yana ciki. Wanda nauyinsa ya gaza tsawonsa, yunwar kwanan nan ce ko gudawa ta zuge shi. Idan kuwa kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, to tamowa ta yi tsanani, ransa yana cikin haɗari. Uwa ramammiya ita ke haifar jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, 'yarta kuma ta tashi ta maimaita, haka abin yake bin zuriya.

Akwai masu cewa gajarta halittar waɗannan ƙabilu ce. Wannan magana ba ta da tushe. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an samo shi ne daga yaran ƙasashe shida: Indiya, Gana, Barazil, Oman, Nowe da Amurka. An tarar cewa muddin yaro ya sami nono da abinci da tsabta, girmansa a shekarun farko kusan ɗaya ne ko'ina aka haife shi. Saboda haka abin da ake kira gado, talauci ne aka gada.

Asalin ciwon yana ga ƙasa. Madatsun ruwa da haƙar ma'adinai da dokokin gandun daji sun raba ƙabilu da yawa da gonakinsu na gero da tamba, da dajin da suke samun zuma da saiwoyi da 'ya'yan itace. Mace-macen jarirai da suka girgiza Attappady a Jihar Kerala cikin 2013, da waɗanda aka sha yi a Melghat ta Jihar Maharashtara, sun auku ne a ƙasar da take da shirin ciyar da ƙananan yara tun 1975, da dokar mayar wa mazauna daji haƙƙinsu ta 2006. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Isarsu ƙauye ita ce ta yi wuya.

Wannan jarida tana ganin akwai darasi a nan ga ma'aikatan lafiya da ɗaliban da za su gaje su, domin zaren awon damtsen da ake ɗaura wa yaro a Melghat, irinsa ne ake ɗaurawa a ɗakunan shan magani na karkarar Nijeriya. Lalle ne duk yaron da aka auna aka ga ya gaza, a bi shi da abinci da magani, a kuma binciki halin da gonar iyayensa take ciki. Ma'aikacin da ya cika littafi da alƙaluma ya aika hedkwata, sa'an nan ya naɗe hannu, bai sauke nauyin da aka ɗora masa ba. Hukumomi su tuna: in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.