Kyamararka lafiya lau take, Malam!

Abin nan yana ba ni haushi. Hoto ya ƙi wucewa daga kyamara zuwa kwamfuta ta Wi-Fi, sai mutum ya ruga Computer Village a Ikeja ya zubar da kuɗi wai gyara. Gyaran me? Tsofaffin kyamarori da yawa 2.4 GHz kawai suke kamawa. In na'urar intanet ɗinka 5 GHz kaɗai take bayarwa, kyamara ba za ta gan ta ba. Wani lokaci kuma katangar tsaron Windows ce ta tare manhajar kyamarar. Duba waɗannan tukuna. In ta ƙi, zare katin SD ka sa a kwamfuta, ya ma fi sauri. Da gumi muke samun kuɗin nan. Wassalam.