Darasin Gretzky: suna ba ya horar da ƙungiya

Duk wanda ya zauna a Kanada ya san matsayin Wayne Gretzky a wasan hoki na ƙanƙara. Ya ci kofin Stanley sau 4 da Edmonton Oilers, ya tara maki 2,857 a gasar NHL, kuma da ya yi ritaya a 1999 aka daina ba kowa lambar rigarsa, 99. Amma da ya koma horar da ƴan wasa, labari ya sha bamban.

A 2005 ya karɓi ragamar Phoenix Coyotes ta Amurka, alhali bai taɓa horar da wata ƙungiyar ƙwararru ba. Cikin kaka 4 ya yi nasara sau 143, ya sha kashi sau 161 a lokacin wasa na ƙa'ida, bai kai ƙungiyar zagayen neman kofi ko sau ɗaya ba. A watan Satumba na 2009 ya ajiye aiki.

Masu kare shi na cewa ƙungiyar ce ba ta da ƙarfi, ga shi ta faɗa fatarar kuɗi a wannan shekara. Gaskiya ne. Sai dai Dave Tippett, wanda ya gaje shi cikin wannan halin, ya yi nasara sau 50 a kakarsa ta farko, ya kai su zagayen kofi, aka zaɓe shi gwarzon mai horarwa na shekara.

Kuskuren na waɗanda suka ɗauka ƙwarewar ɗan wasa ita ce ƙwarewar malami ne. Abin da gwani ke gani a fili kafin kowa, ba lalle ya iya koya wa yaro mai matsakaiciyar baiwa ba. Ƙari a kan haka, Gretzky na cikin masu hannun jari a ƙungiyar. Wa zai kira mai gida ya ce masa aikinsa bai yi ba?

A kwatanta da Scotty Bowman, wanda bai taɓa buga wasa a NHL ba. Ya fara daga ƙungiyoyin matasa, ya ƙare da kofin Stanley 9 a matsayin mai horarwa. Ko Zinedine Zidane, da masoya ƙwallon ƙafa za su kafa hujja da shi, sai da ya yi mataimakin Carlo Ancelotti, ya riƙe ƙaramar ƙungiyar Real Madrid, kafin ya ci kofin zakarun Turai 3 a jere.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohon tauraro ya cancanci girmamawa, amma kujerar horarwa aiki ce da ake koyo daga ƙasa. Ƙungiyar da ta ba da ita don suna kawai, da shekarun ƴan wasanta matasa take caca.