Lafiya uwar jiki: Ba kowace shawara ce iri ɗaya ba

A wannan wata zancenmu kan ciwon hanta ne.

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san hanta. Ta mutum tana gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Ita ke tace jini. Ita ke yin ruwan maɗaciya mai narkar da maiƙo. Ita ke ajiye ƙarfin abinci kamar rumbu. In ta kamu, ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi ja kamar shayi, jiki ya mutu, abinci ya fita rai. Sai mu ce shawara ce.

To, shawara alama ce kawai. Abin da ke kawo ta yana da yawa. Sau da yawa ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani. Lokotoro na kiran ciwon hepatit, kuma ya raba shi da haruffa. Manyan da suka dame mu huɗu ne: A, B, C da E.

A da E ta baki suke shiga. Ruwan tabki ko na rijiyar da kashi ya shiga, da abincin da aka taɓa da hannu mai dauɗa, su ke kawo su. Yawancin masu kamuwa suna warkewa. Amma E na da haɗari ƙwarai ga mai ciki. A shekarar 2017 ta ɓarke a jihar Diffa, wajen mutanen da rikici ya raba da gidajensu. Da yawa cikin waɗanda suka rasu mata ne masu ciki.

B da C ta jini suke shiga. Askar wanzami da ta yi ma mutum goma aski tana iya ɗaukar su. Haka ma askar kaciya, ta tsaga, ta cire belu da ta ƙaho. Haka allurar da aka yi ma wani aka sake yi ma wani. B kuma tana wucewa daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, da tsakanin miji da mata. Amma ba a ɗaukar su ta gaisuwa, ko cin tuwo kwano ɗaya, ko cizon sauro. Saboda haka kada a ware mai ciwon.

Ga inda haɗarin yake. B tana iya zama cikin jiki shekara 20 ko 30 ba ta nuna komi. Mutum na noma, yana kiwo, ita kuwa tana cin hanta kamar gara cikin azara. Ranar da ta bayyana, hanta ta riga ta ƙandare. Ciki ya kumbura da ruwa, ko a yi aman jini, ko sankara ta kama hantar. Cikin jarirai 10 da suka ɗauke ta wajen haihuwa, kusan 9 za su zauna da ita. Cikin manya 100 kuwa, ba su kai 5 ba. Ashe tun a goyo ake yin asarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da B.

Manoma, ku saurara da kyau. Gujiya da masara da aka ajiye da danshi suna yin hunhuna. Hunhunar nan na da guba, kuma dahuwa ba ta kashe ta. In gubar ta tarar da B cikin hanta, sankara na samun hanya da sauƙi.

Akwai kuma wani ciwon hanta da ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba. Jiki na da sojojinsa masu yaƙi da cuta. Wani lokaci sai su ruɗe, su auka ma hantar mai su. Ya fi kama mata. Ba a ɗaukar shi daga wani, kuma ba jifa ba ne. Akwai maganin da ke kwantar da sojojin, amma sai an auna jini ake gane shi.

In hanta ta mutu fa? Akwai dashe. Wani likitan Amurka, Thomas Starzl, shi ya fara gwada shi a 1963. Hanta na sake tohuwa, don haka ɗan'uwa mai rai na iya ba da yanki. Ana yin aikin a ƙasashe kamar Faransa, Indiya da Masar. Kuɗinsa miliyoyi ne masu yawa, kuma wanda aka yi ma sai ya sha magani har ƙarshen ransa. Wannan ba hanyar talaka ba ce. Hanyarmu ita ce riga-kafi.

Ga abin da kowa ke iyawa:

1. A kai yaro allurar riga-kafi yana sati 6, sati 10 da sati 14. Tun 2008 ta B na cikin allurar yara a Nijar. Uba, buɗe karnen ɗanka ka karanta. Ka tabbata ukun sun cika.

2. Mai ciki ta je awo, ta nemi a auna jininta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi ma jariri allurar B cikin awa 24 na farko. Ku tambaye ta a gidan likita.

3. Kowa da rezarsa. Ranar suna ko kaciya, a sayo ma wanzami sabuwa.

4. Kada a yarda da allurar masu yawo kasuwa-kasuwa.

5. A tafasa ruwan tabki. A wanke hannu da sabulu. A gina salga.

6. A shanya gujiya ta bushe sarai. A tsince ruɓaɓɓiya a zubar.

Wanda idonsa ya sake launi, ya tafi likita. Kada ya haɗa saiwoyi da ƙwayoyin kasuwa ya yi ta sha, domin duka kan hantar suke sauka. Giya ma haka. Yau C na warkewa da ƙwayoyi cikin wata 3. B ba ta fita gaba ɗaya, amma akwai ƙwayar da ake sha kullum ta danne ta.

Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.

Malamin yaƙi da jahilci