Soja ba ɗan sanda ba ne

1/ Jiya a unguwarmu wani ya kira abokinsa soja saboda bashin dubu arba'in. Sojan ya zo da bulala, ya sa mai bashin tsallen kwaɗo a gaban 'ya'yansa, mutane kuma na tsaye suna ɗaukar bidiyo suna dariya. Ni abin bai ba ni dariya ba. Bari in faɗi dalili.

2/ Horon soja shi ne ya gama da maƙiyi. Horon ɗan sanda shi ne ya kama wanda ake zargi da ransa, ya yi bincike, ya kai shi kotu. Duk ranar da ka ba soja aikin ɗan sanda, kai ne ka zama maƙiyin.

3/ Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda soja su taimaka wa hukumomin farar hula wajen dawo da doka, amma sai shugaban ƙasa ya kira su. Taimako aka ce. Ba a ce su karɓi bashi ko su raba faɗan miji da mata ba.

4/ Wani zai ce "ai akwai Military Police". Eh, akwai. Amma MP 'yan sandan sojoji ne. Aikinsu ladabtar da sojan da ya karya doka da binciken laifi a cikin rundunar. Wanda ya kamata MP ta ɗauka jiya shi ne mai bulalar.

5/ In kuna ganin ina zuzuta abin, ku tuna Agustan 2019 a hanyar Ibi zuwa Wukari a Taraba. 'Yan sandan IRT sun kamo Wadume, sojoji suka buɗe musu wuta, 'yan sanda uku suka mutu. Masu kaki ke nan. To ina ga ni da kai?

6/ Zariya, Disamban 2015. Kwamitin shari'a da gwamnatin Kaduna ta kafa ya ce an binne mutum 347 a rami ɗaya, ya kuma ba da shawarar a hukunta sojojin da ke da hannu. Ko kana ƙin 'yan Shi'a, tambayi kanka: wa aka hukunta?

7/ Na san amsar da za ku ba ni: 'yan sanda cin hanci, ka kai ƙara su ce ka sayo mai. Gaskiya ne wallahi. Kuma a ƙauyukan Zamfara da Katsina ganin motar soja shi ke sa mutane barci. Ban musa ba, ina yi musu addu'a.

8/ Amma wannan hujja ce ta a gyara 'yan sanda: albashi, horo, a janye su daga riƙe wa manya jaka. Sojan da ke tsare da shingen cikin gari yana duba takardun mota, daji ya kamata yana ciki.

9/ Ɗan sanda in ya zalunce ka, akwai DPO, akwai lauya, akwai kotun da za ka shiga ka zauna. Soja in ya mare ka, sau da yawa maganar a bariki take ƙarewa, kai kuwa ko ƙofar ba za ka wuce ba.

10/ Don haka don Allah ku daina kiran "yayana soja ne". Yau kai ka kira, gobe wanda ya fi ka sanin babban soja zai kira maka. In soja ya ci zarafinka, riƙe sunan da ke ƙirjinsa, rana da wurin, ka kai ƙorafi ga MP da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Mai bashin jiya bai san yana da wannan damar ba.