Waken da za mu ci, a rufe shi, kada a sa masa guba

Jama'a, kaka ta wuce, buhunan wake sun fita daga Gamu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sun bi ta Gure sun nufi Damagaram, wasu sun tsallaka iyaka har kasuwar Dawanau ta Kano. Haka ake yi kowace shekara. Abin da ke damunmu shi ne wanda ke biyo baya: watanni biyar ko shida bayan girbi, uwargidan da mijinta ya sayar da wake da araha ita ce za ta je kasuwa da kwanonta ta sayi tiya guda da tsada. In ta yi rashin sa'a ta samu mai huji, in kuma ya yi kyau a ido, sai ta ji yana warin magani.

Mu da ke aikin rediyo mun sha jin wannan kuka daga bakin mata masu sauraronmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana da ku kai tsaye, ƴan kasuwa masu tara wake da ku iyayenmu mata masu ƙosai, alala, ɗanwake da shinkafa da wake.

Kowa ya san dalilin da ke sa manomi gaggawar rabuwa da wakensa: bashi da buƙata, sai kuma tsoron ƙwaro. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Macen tana saka ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsa ta huda ta shiga ciki tana ci, cikin kamar wata guda ta fito ta zama uwa ita ma. Buhun da aka jingine a ɗaki haka nan, kafin bazara ya koma gari da ɓawo. Don haka ba mu ga laifin mai neman kare dukiyarsa ba. Inda muka rabu da wasu shi ne hanyar da suka ɗauka.

Akwai masu yayyafa wa wake maganin da aka yi don feshin gona. Akwai masu jefa ƙwayar Phostoxin cikin buhu su ajiye shi a ɗakin da yara ke kwana, alhali iskar da ke fita daga wannan ƙwaya tana iya kashe mutum. Aikinta na ƙwararru ne, a sito rufaffe nesa da wurin kwana. Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna abin da ya sami maƙwabtanmu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos da aka yi ta samu a cikinsa, a 2016 kuma ta ƙara tsawaita hanin. Laifin wasu ya shafi kowa, wake ɗaya ya ɓata gari ke nan. Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Nijeriya. In sunan wakenmu ya ɓaci, ba manomi kaɗai zai ji a jikinsa ba, har dillali da mai mota da mai awo.

Abin takaicin shi ne maganin wannan matsala ya daɗe a ƙasar nan. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka yi aikinsa tare da ma'aikatan INRAN na Maraɗi. Buhu uku ne cikin juna: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan iskan da ya rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba a zuba komai, kuma ranar da aka buɗe ana iya ɗora tukunya.

Mun san abin da za a ce mana: buhun yana da tsada, kuma ba kullum ake samunsa a kasuwannin ƙauye ba. Gaskiya ne. Amma buhun da aka kiyaye daga ɓera da ƙaya yana yin fiye da shekara guda, kuma mata masu adashi za su iya haɗa kuɗi su aika a sayo musu gaba ɗaya. Wadda ba ta samu ba, jarka mai murfi ko durom da aka wanke ya bushe sarai yana yin wannan aiki, in dai an cika shi har baki an toshe. Kakanninmu ma da tokar murhu da aka tankaɗe suke ajiye irin shuka. Sharaɗin duka ɗaya ne, wake ya bushe har ya yi ƙaras a haƙori, kuma kada a riƙa buɗewa kullum. A ware na cin wata guda a ƙaramin mazubi, a bar babban a rufe.

Shawararmu ga magidanta ita ce a cire rabon gida kafin a kai saura kasuwa. Mun ga yadda aka rufe iyakar Nijeriya daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufe ta bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kasuwa tana iya tsayawa dare ɗaya, amma ciki ba ya tsayawa. Gidan da ke da wake a ajiye yana da madadin nama, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake abinci ne mai gina jiki, abin da yaro mai tasowa da mai shayarwa suka fi buƙata a kan tuwon hatsi.

A wajen dahuwa ma akwai tattali. A tsince wake, a wanke, a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan jiƙon da safe. Zai nuna da wuri, itace ya yi auki, ciki kuma ba ya kumbura sosai. Kanwa muna da ita a yankinmu, amma ƴar kaɗan ta isa, yawanta yana ɓata ɗanɗano. Wadda kuma ta sayo wake ta ji yana warin magani, kada ta ce wanki da tafasa za su raba ta da shi. Ta mayar wa mai shi.

Ku kuma ƴan kasuwa, in mai saye ya tambaye ku yadda aka ajiye wake, ku faɗa masa gaskiya. Mai ƙosan da kuka sayar wa mai guba, wataƙila a wurinta ɗanku zai karya kumallo gobe kan hanyarsa ta zuwa lakkol. Muna kuma kira ga shugabannin kasuwa da ma'aikatan gona su sa ido kan masu tallar maganin ƙwari a bakin rumfunan abinci, su kuma taimaka buhun PICS ya iso kasuwanninmu tun kafin girbi, ba bayan ƙwaro ya gama ɓarna ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon tattalin abin da muka noma.