A Ga Mudu Kafin a Biya

Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Talata Mafara ya sani ba a ƙulla ciniki sai an ga mudu. Amma in aka zo sayen kwamfuta domin ofis ko makaranta, sai ɗan kasuwa ya ce, "Wannan makinta 2,000 ne," a ƙirga masa kuɗin jama'a, ba mai tambayar mudun da aka yi awo da shi.

Ga yadda ake samun makin. Akan zaɓi na'ura guda a mai da ita ma'auni. Sa'an nan a ba sabuwar ayyuka iri iri, a duba lokacin da ta ci. In ma'aunin ya gama aiki cikin daƙiƙa 100, ita kuwa cikin 50, ta sami 2 ke nan. Ƙungiyar SPEC, wadda aka kafa a Amurka cikin 1988, ba ta tara lambobin ta raba kamar yadda malami ke yi wa makin jarrabawa. In aiki guda ya ba da 2, wani 8, sai a ninka su su zama 16, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 16, watau 4, ba 5 ba. Hikimar ita ce kada aiki ɗaya ya rinjayi sauran.

Mudun kansa yakan sake. Geekbench 5 ya ba ma'auninsa maki 1,000, Geekbench 6 na 2023 kuwa ya ɗauki wata na'ura dabam ya ba ta 2,500. Wanda ya gwada makin wannan da na wancan ya ruɗi kansa.

Haka kuma gwajin Geekbench na 'yan mintoci ne. Cikin zafin bazara a Bakura ko Maradun, kwamfuta takan rage gudu da kanta don kada ta lalace, makin kuwa bai san da haka ba.

Tun 2015 da kwamfuta yaranmu ke rubuta jarrabawar JAMB, saboda haka maganar ba ta wasa ba ce. Shawararmu ga akawuna da malamai ita ce, a tambayi sunan gwajin da lambarsa, a rubuta su cikin takardar ciniki. Sa'an nan a kunna na'urar da tsakar rana, a ba ta aikin da aka nufa da ita, kafin a sa hannu. Gani ya kori ji.